Alkasum da Laƙabi Ɗari da Sittin

A Zangon Damagaram, in dai ana maganar cika baki, sai a shimfiɗa wa Alkasum tabarma a koma gefe. Wata takwas kacal ya yi a Yamai yana aikin share wani biro, wato ofis, da goge kwamfutoci da tsumma, amma da ya dawo gida sai ya zamana babu abin da bai sani ba game da na'ura. Ya sayi tabarau wanda ba ya ƙara gani kuma ba ya ragewa. Ya rataya wani ɗan makullin adana bayanai a wuya kamar laya, yana ce masa "kile". Ba wanda ya taɓa ganin ya soka shi a jikin wata na'ura.

"Ni da ordinatar," in ji shi a teburin mai shayi, yana nufin kwamfuta, "kallon juna kawai muke yi, ta san abin da nake so. Na san ta kamar yunwar cikina."

Yunwar cikin kam ya san ta, domin shekarar ita ce ta dubu biyu da goma, wadda daminar da ta gabace ta ta yi wa mutane rowa. Daga Hamdara har Gaffati rumbuna sun yi fayau. Hatsi ya yi tsadar da sai dai a gaishe shi a Kasuwar Dole a wuce. Baƙin da ke zuwa sayen kayan hannu sun ɗauke ƙafa, dukawa da maƙera da magina suka zauna suna korar ƙuda. A gidan Alkasum kuwa rabon turmi da ya ji taɓarya an fi wata guda, matarsa Balki sai kwaɗon ganye da garin rogo take haɗa wa yara.

Ana cikin haka wani furoje na masu ba da tallafi ya taimaka wa ƙungiyar masu aikin hannu da kwamfuta ɗaya da shafi a intanet. Aka ɗauki hotunan ayyukansu har ɗari huɗu aka zuba a ciki: matasan fata, wuƙaƙe, faifai, tabarmi, da zanen bangon gidaje. Kowane hoto ana maƙala masa laƙabi, wato 'yar kalmar da mai saye zai latsa, duk kayan da ke ɗauke da ita su fito masa. To, da yake kowa an tambaye shi laƙabin da yake so, sai abin ya zama kasuwa. Ga "matashi", ga "matashin fata", ga "matashin Zakari na ainihi". Ga "bango", ga "bango mai kyau", ga "bangon da ya fi na Zango". Da aka duba, laƙabi ɗari da sittin ne cif.

Ran Lahadi wakiliyar furoje, Madam Lubabatu, ta tara su a ɗakin ƙungiya ta ce, "Wanda ya shigo shafin nan neman matashi, kafin ya same shi barcin ya wuce. Zan zaga ƙauyuka in dawo ran Alhamis. A haɗe laƙabin da suke abu ɗaya, a fayyace me kowanne yake nufi. In na tarar da tsari, zan nuna wa masu shaguna a Yamai. Wanda kuma ya riƙe aikin shafin, yana da buhun hatsi duk wata har kaka."

Ba ta rufe baki ba Alkasum ya miƙe yana shafa kile. "Madam, ki ɗauka an gama. A Yamai laƙabi dubu nake haɗewa kafin in karya kumallo."

Da azahar ya shiga gida yana tafe yana taku ɗai-ɗai. "Balki, a wanke turmi. Ran Alhamis buhu zai shigo gidan nan da ƙafarsa."

"Malam, ka tabbata? Kada in faɗa wa yara."

"Faɗa wa unguwa ma."

Haka kuwa ta yi. Kafin la'asar an wanke turmi an kife, maƙwabta uku sun riga sun zo taya murna, kowacce da 'yar ƙwaryarta a zuciya.

Ran Litinin aka zauna muhawara. Manyan ƙungiya huɗu ne. Akwai Baba Nomau, magini daga tsohuwar unguwar Birni, wanda ba ya jimla uku bai ambaci kakansa da ya yi wa manyan gidajen Birni ado ba. Akwai Zakari baduku, ɗan Zango, mai bakin da ya fi basillarsa tsini. Akwai Ɗan Azumi maƙeri, wanda maƙerarsa ke jikin ɗakin ƙungiya, mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Sai Wasila, shugabar mata masu saƙar faifai da tabarma, maƙwabciyar Alkasum, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida kafin a cire ta.

Alkasum ya gyara tabarau ya ce, "Tsarina mai sauƙi ne. Hoto ɗaya, laƙabi ɗaya. Ɗari da sittin za su koma huɗu: gini, dukanci, ƙira, saƙa. Mu fara."

Hoton farko da ya fito wuƙa ce a cikin kubenta, jan kube mai tuntu.

"Ƙira," in ji Ɗan Azumi.

"Ina ƙirar?" in ji Zakari. "Ku duba hoton nan da kyau. Wa ya ga ƙarfe? Ni fata nake gani tun daga sama har ƙasa."

"To a cikin fatar me ke akwai, rogo?"

"Mai saye da ido yake saye. Abin da ke ciki tsakaninka da Allah."

"Zare ta in nuna maka abin da ke ciki!"

Wasila ta ce, "Malam Alkasum, me zai hana a sa mata duka biyun? Wanda ya nemi ƙira ya gan ta, wanda ya nemi dukanci ya gan ta."

Alkasum ya yi 'yar dariyar manya. "Yaya Wasila, wannan fa ilimi ne, ba saƙar kaba ba. Kin taɓa ganin mutum da hula biyu a kai?"

"Ni dai ana ce mini Wasila, ana ce mini uwar Ramlatu, ana ce mini mai faifai, kuma duk wanda aka kira ina amsawa."

"Ke mutum ce. Na'ura ba ta son hayaniya."

Aka ajiye wuƙa gefe ba a yanke hukunci ba. Hoto na biyu ƙofa ce mai ƙusoshin ƙarfe a tsakiyar bango mai zane. Baba Nomau ya ce gini ne, Ɗan Azumi ya ce in ba ƙusoshinsa ba da tuni awaki sun shige gidan. Aka ajiye ƙofa kusa da wuƙa. Na uku zanen dagi ne a jikin matashi. Baba Nomau ya rantse dagi ɗan bango ne, dukawa aro suka yi ba su mayar ba. Zakari ya ce tun kakan Baba Nomau yana cuɗa laka da ƙafa ayarin Zango ke kai dagi Agadas a jikin jaka. Har aka kira azahar hoto uku aka duba, kuma ko ɗaya bai samu gida ba.

Bayan salla Alkasum ya ga gara ya nuna gwaninta. "Bari mu ɗauki mai sauƙi. Ga 'bangon Birni', ga 'bangon Zango'. Duk laka ce. Sai mu haɗe su."

"In an haɗe, wane suna zai rage?" in ji Baba Nomau.

"Ai ɗaya ne zai haɗiye ɗaya. Wanda aka haɗiye sunansa ya ɓace, kayansa su koma ƙarƙashin ɗayan."

Baba Nomau ya gyara zama. A Damagaram, ka ce wa mai sana'a kayansa za su koma ƙarƙashin sunan wani, ai ka ce masa ya ɗauki buta ya bi bayan mutumin ke nan.

"Ƙarƙashi?" in ji Baba Nomau a hankali. "Birni a ƙarƙashin masaukin raƙuma?"

"Raƙuman da suka ciyar da ku shekara ɗari?" in ji Zakari. "Ku da kuka zauna cikin duwatsu kuna jiran a kawo!"

Ɗan Azumi, da ba a taɓo shi ba, ya miƙe ya ce duk wanda ya sa ƙira a ƙarƙashin wani abu, to ya nemi wanda zai ƙera masa fartanya bana. Taro ya watse kowa yana kaɗa riga. Alkasum ya bi su da murmushi yana cewa ai a Yamai ma haka ake farawa.

Ran Talata da hantsi ya ji sallama. Zakari ne, da takalmi sabo fil a cikin takarda.

"Malam Alkasum, gwada mu gani. Ka ga wuƙaƙen nan duk a cikin kube suke. In za a haɗe, ai ka san wanda ya kamata ya haɗiye wani."

Alkasum ya zura ƙafa, takalmi ya zauna ɗas. "Zakari, kwantar da hankalinka. Dukanci ne a sama."

Bai daɗe da fita ba sai ga Ɗan Azumi da sabuwar wuƙa, ya miƙa ta kamar mai kawo sammaci. Alkasum ya karɓa ya ce ƙira ce uwar sana'a, ita ce a sama. Kafin azahar Baba Nomau ya iso a kan kabu-kabu, ya tsaya ya ƙare wa zauren Alkasum kallo, ya ce kaico, mutum mai ilimi irin wannan a ce gaban gidansa ba ko ɗigon zane. Alkasum ya ce ai gini shi ne farko, kowa a cikin ɗaki aka haife shi.

Balki tana jin su daga tsakar gida. Da ya shigo ta dubi takalmi ta dubi wuƙa ta ce, "Malam, wanne zan fara dafawa?"

"Ke dai ba ki san siyasa ba."

"Na san mutum uku ka yi wa alkawarin kujera ɗaya."

"Na'ura za ta warware. Ke dai kada turmi ya yi ƙura."

Ran Laraba tun da sassafe Zakari ya riga kowa zuwa ɗakin ƙungiya, ya tsaya a kan Alkasum har ya kunna kwamfuta. Wasila ma ta shigo da kabarta ta zauna a gefe tana saƙa. Alkasum ya ja "ƙira" ya jefa a cikin "dukanci". Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar na'urar da rubutun Faransanci ja.

Wasila ta leƙo. "Malam Alkasum, cewa take in ka haɗe ba a rabawa. Tana tambaya ko ka tabbata."

"Gaisuwa ce kawai. Haka take yi mini kullum."

Ya latsa. Nan take wuƙaƙe, fartanyoyi, linzamai da ƙusoshin ƙofa suka zama aikin dukawa. Zakari ya fita baki har kunne, kuma da yake shi ba ya iya riƙe daɗi a ciki, sai da ya tsaya a ƙofar maƙera ya ce, "Yarona, ina kwana? In ka gama hura wuta ka zo ka jiƙa mini fata."

Ɗan Azumi ya shigo da guduma a hannu. Ba wai ya yi niyyar dukan kowa ba ne, mantawa ya yi bai ajiye ta ba, amma Alkasum bai san haka ba.

"Ina ƙira?"

"Tana nan, ta ɗan shiga ciki ne."

"Fito da ita."

Alkasum ya latsa nan, ya latsa can, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ƙira ba ta fito ba. Gumi ya karyo masa. Can dabara ta zo masa: ya buɗe sabon laƙabi ya rubuta "ƙira", ya ɗauko "dukanci" ɗungurungum ya jefa a ciki. Na'ura ta sake gaishe shi, ya amsa. Yanzu matasai, jakunkuna da takalma duk sun zama aikin maƙera.

"Ka gani? Har da riba."

Ɗan Azumi ya duba ya ga matashi mai laushi a ƙarƙashin sunan sana'arsa, ya rasa ko murna zai yi ko fushi, sai ya fita ya je ya mayar wa Zakari gaisuwarsa.

Labari ya kai Birni kafin hantsi ya dubi ludayi. Baba Nomau ya iso yana haki ya ce an ce ƙofarsa mai ƙusoshi tana hannun maƙera. Alkasum ya ce ƙaramin abu ne. Da yake bai san yadda ake ciro ƙofa ɗaya ba, sai ya kwashi "ƙira" da duk abin da ta haɗiya ya zuba a cikin "bangon Birni". Zakari ya dawo ya ga takalmansa sun zama bango, kuma bangon ma na Birni, ya sa hannu a ka ya yi salati. Don a rarrashe shi aka juye komai a cikin "bangon Zango". Baba Nomau ya ce a kawo masa ruwa, jiri yake ji. A cikin wannan turereniya gwiwar hannun wani ta bugi Alkasum, yatsansa ya zame, faifai da tabarmin Wasila su ma suka bi sahu. Na'ura ta yi gaisuwa, shi kuwa hannunsa ya riga ya saba amsawa.

Wasila ta ajiye kaba ta ce, "To, mu ma mun zama laka. Allah ya sa alheri."

Da la'asar ta gabato, laƙabi ɗari da sittin sun koma ɗaya tak, hotuna ɗari huɗu na cikinsa, maza uku na tsaye a kan Alkasum kowa na cewa sunansa za a sa. Mutanen unguwa sun cika taga. Alkasum ya ga buhunsa yana neman tsiro da ƙafafu ya gudu, sai ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku saurara. In mutum biyu suna rigima a kan akuya, ya ake yi kafin a je gaban mai unguwa?"

Baba Nomau ya ce, "A ɗaure ta a gidan wanda ba ruwansa, amana, har a yi hukunci."

"To ni ba magini ba ne, ba baduku ba, ba maƙeri ba. A ɗaure kayan nan a gidana zuwa gobe da safe. In sa sunana, amana. Da asuba in raba wa kowa nasa kafin Madam ta iso."

Suka dubi juna. Wannan kam al'ada ce, ba wanda zai ce an sa shi ƙarƙashin abokin hamayyarsa. Har Ɗan Azumi ya gyaɗa kai. Wasila ce kaɗai ta ce, "Akuya dai ana kwance ta. Wannan da wace igiya aka ɗaure?" Ba wanda ya kula ta. Alkasum ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya latsa. Ko minti biyar ba a yi ba wuta ta ɗauke.

Ran Alhamis da safe wuta ba ta dawo ba. Alkasum ya zauna gaban baƙar kwamfuta, da farko hankalinsa ya tashi, daga baya kuma ya ji sanyi a ransa: in ba wuta, ai Madam ma ba za ta ga komai ba. Ya sa babbar rigarsa ta salla da sabon takalmi, ya fito ƙofa yana gaya wa jama'a cewa aiki ya kammala, kuran, wato wutar lantarki, shi ne kawai ya yi masa baƙin ciki.

Motar furoje ta tsaya, buhun hatsi a bayanta. Ranar kasuwa ce, mutane sun taru maƙil. Alkasum ya tari Madam Lubabatu da fuskar jimami.

"Madam, kin ga ikon Allah. Tsari na yi wanda ko a Faransa sai an tsaya kallo, ga shi ba kuran."

"Ba komai," in ji ta. Ta zaro 'yar kwamfutarta daga jaka ta ɗora a kan mota, ta ciro wani kile irin na wuyansa, amma mai kawo intanet, ta soka a gefe. Alkasum ya bi hannunta da kallo, yau dai ya ga inda ake sokawa.

Shafi ya buɗe. Laƙabi ɗaya ne a tsakiyarsa, ƙato: ALKASUM. Ta latsa. Bango ya fito, wuƙa ta fito, matashi, faifai, linzami, tabarma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, nata na gaske.

"Malam Alkasum, ashe duk wannan aikinka ne? Gini, ƙira, fata, har saƙa? Ban taɓa ganin mai hannu irin naka ba."

A nan ne fa ya kamata ya ce amana ce. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshensa. Amma ga jama'a sun zuba masa ido, ga mace daga Yamai tana yabonsa, abin da ya shekara yana jira. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Madam, ɗan abin da Allah ya hore ne."

Baba Nomau ya dubi Zakari. Zakari ya dubi Ɗan Azumi. Rabon da mutanen nan uku su yarda a kan abu ɗaya tun kafin a haifi Alkasum, amma ran nan ko magana ba su yi ba suka daidaita.

"Ƙwarai kuwa, Madam," in ji Baba Nomau. "Shi ne ubangidanmu. Mu 'yan miƙo laka ne."

"Ai sai ki gan shi yana aiki," in ji Zakari. "Ido ba ya bin hannunsa."

"Madalla," in ji Madam Lubabatu, tana ciro abin ɗaukar hoto. "Masu saye suna son ganin mai sana'a a bakin aikinsa."

Kan ka ce me, an shimfiɗa tabarma, an ɗora masa matashin da ba a gama ba a cinya, an miƙa masa basilla da zaren fata. Alkasum ya ce yau hannunsa na ɗan ciwo. Ɗan Azumi ya ce ai da ciwon ma ya fi su. Alkasum ya soka basilla, ta ƙi shiga. Ya danna da ƙarfi, ta shige har da abin da ba a sa ta ba. Ya yi ɗinki shida manya-manya kamar taku a cikin yashi, ya miƙe don ya nuna, matashi ya miƙe tare da shi. Ya ɗinke shi da gaban rigarsa.

"Sabon salo ne," in ji Zakari. "Duk inda barci ya kama ka, ga matashinka."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ba a ba shi damar warwarewa ba, aka rankaya da shi maƙera, matashi na reto a cikinsa. Ɗan Azumi ya ce ba sai ya wahala da guduma ba, ya ɗan taɓa zugazugi kawai a gani. Alkasum ya durƙusa ya danna duka biyun lokaci ɗaya da iyakar ƙarfinsa. Toka ta tashi ta rufe shi ruf, ta bar tabarau kaɗai suna ƙyalli. Wani tartsatsi ya sauka a kan sabon takalmi, ya yi tsalle ya taka cikin kaskon ruwan da ake kashe ƙarfe.

"Saura gini," in ji Baba Nomau da murya mai taushi. An riga an cuɗa laka a gindin bangon ƙungiya, don shi tsoho ba ya wasa da shiri. "Ubangida, ɗan yi wa Madam dagi ɗaya."

Alkasum ya hau kan turmin da aka kife masa, ya ɗebi laka ya maka a bango sama da kansa, ya shiga ja da yatsa. Abin da ya fito ya fi kama da hanjin akuya. Ya juyo zai yi bayani, lakar ta saki bango gaba ɗaya ta sauko ta zauna a kan hularsa.

Wasila ta matso da faifai da kaba a hannu. "Malam Alkasum, saura namu."

Nan ne ya zauna a kan turmin, laka na bin kunnensa, ya ce da ƙaramar murya, "Amana ce."

"Me ka ce?" in ji Madam Lubabatu.

"Amana ce, Madam! Ba nawa ba ne ko ɗaya. Ɗaure su aka yi a gidana, igiyar ta ƙi kwantuwa."

Dariyar da aka yi har masu kabu-kabu sai da suka tsaya. Madam Lubabatu ta share hawaye ta ce ita tun da ta ga faifai ta gane, so take ta ji daga bakinsa. Sannan ta daina dariya ta ce, "To yanzu fa? Hoto ɗari huɗu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Wa ya san na kowa?"

"Ni na sani," in ji Wasila. "Amma da sharaɗi. Ba mai haɗiye wani. Wuƙar nan a sa mata ƙira, a sa mata dukanci. Ƙofa a sa mata gini da ƙira. Dagi a ba shi laƙabinsa, ya je bango ya je matashi yadda ya ga dama. Birni na nan, Zango na nan, duka biyun kuma a ƙara musu 'zanen bango'."

"Wa ke sama?" in ji Ɗan Azumi.

"Ba sama. Kafaɗa da kafaɗa, kamar sahun salla."

Baba Nomau ya yi gyaran murya ya ce shi dama abin da yake nufi ke nan tun ran Litinin. Madam Lubabatu ta nuna wa Wasila inda ake latsawa, sau biyu kawai, ta kama. Kafin azahar hoto talatin sun koma gidajensu. Madam ta ce a sauke buhu, na Wasila ne.

"Wa zai kai mata?" in ji direba.

"Mai amana mana," in ji Zakari. "Ai unguwarsu ɗaya."

Haka aka ɗora wa Alkasum buhu a ka, a kan lakar da ba ta gama bushewa ba. Gidan Wasila kuwa ba a zuwa sai an bi ta ƙofar gidansa. Tun daga nesa ya hango Balki a bakin zaure, yara a gefenta, maƙwabtan nan uku a bayanta. Da suka ga buhu yara suka ruga da gudu suna tsalle, wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Wannan guɗar ta fi masa lakar da tokar ciwo. Ya zo daidai ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

"Malam!" in ji Balki. "Ka wuce gida!"

Bai juyo ba. "Ba sunana ne a jiki ba."

Guɗa ta tsaya a tsakiya. Balki ta bi shi da kallo, shi da buhu da matashi, har ya shige zauren Wasila. Sai ta kama hannun yaranta ta mayar da su ciki.

Da la'asar yana zaune a tsakar gida yana warware ɗinkin rigarsa da wuƙar Ɗan Azumi, ba mai yi wa wani magana, sai ga Wasila da kanta ta yi sallama da babbar ƙwarya a ka, cike da hatsi, an rufe da sabon faifai. Ta sauke a gaban Balki ta ce, "Turmin da aka wanke ba ya kwana haka. Duk wata in buhu ya zo, kina da irin wannan."

Idon Balki ya ciko da ƙwalla. Alkasum kuwa ya miƙa wuya ya ga hatsi, nan da nan muryarsa ta dawo.

"Kin gani ko, Balki? Ban ce miki ran Alhamis hatsi zai shigo gidan nan ba? Ni fa duk abin da na tsara…"

Ya kai hannu zai ɗaga faifai. Balki ta dafe shi, ta nuna masa wata 'yar takarda da Wasila ta ɗaura a bakin ƙwaryar da zaren kaba.

"Malam, kai ne mai ilimi. Karanta laƙabin."

Ya gyara tabarau ya duba. An rubuta: BALKI DA YARA.

"Ai ana iya sa wa abu laƙabi biyu," in ji shi a hankali. "Yaya Wasila ma ta faɗa."

"Biyun ke nan," in ji Balki. Ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi turmi.